Ranar da Verlene Tuggle Ta Yi Shiru

Duk wanda ya taɓa zuwa kallon ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a ruga da ita, a filin Kwalejin Haddon ya san Verlene Tuggle, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Muryarta ce ke riga ta isowa. Can saman benci take zama ita da mijinta Lemuel, da ƙararrawar shanu a hannu, kuma in ta kurma ihu har 'yan badujala sai sun waiwayo. Akwai shekarar da wani rafali baƙo ya tsaya tsakiyar wasa yana waige-waige, a zatonsa gobara ce ta tashi. Mu da muka saba, ko gezau.

Muryar ba daga sama ta faɗo mata ba. Shekara talatin da 'yan kai ta yi tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a hanyoyin jar ƙasa na gundumarmu, a nan kudancin Alabama, kuma rabin magidantan garin Tallow Creek ta taɓa daka musu tsawa ta madubi suna ƙanana. Har yau akwai ɗan sandan da in ya hango ta sai ya gyara zama. Mace ce gajera, kakkaura, mai saurin hawa da saurin sauka. Ranar Lahadi tana waƙa a coci, kuma shugaban mawaƙa ya daɗe da mayar da ita layin baya don a riƙa jin sauran.

Autanta Cordell shi ne dalilin ihun nan. Ƙato ne na gaske, in zai shiga ɗakin girki sai ya karkata kafaɗa, amma in yana magana sai ka matso kusa kafin ka ji. Lemuel yakan ce uwar ce ta cinye wa yaron rabon muryarsa tun yana ciki. A ƙungiyar kwaleji yana cikin 'yan bango, ƙattin nan biyar da ke durƙusawa a sahun gaba. Su ba sa taɓa ƙwallo. Aikinsu su ture ƙattin ɗaya ɓangaren su buɗe hanya, wani siririn saurayi ya rungumi ƙwallo ya wuce, a tafa masa, 'yan mata su riƙa kiran sunansa. Ɗan bango kuwa ba a ambatar lambarsa a lasifika sai ya yi laifi.

Abin yana ci wa Verlene rai. Duk Laraba in jaridar gunduma ta fito sai ta ɗauko almakashi ta bi hotuna tana neman ɗanta. A shekara uku abin da ta tara a ƙofar firji shi ne gwiwar hannunsa sau biyu, bayan hular kwanonsa, da rabin ɗuwawunsa a gefen hoton wani. In baƙo ya zo sai ta nuna masa da yatsa.

“Wannan gwiwar hannun Cordell ce.”

Lemuel ya ce, “Kai dai ka ce e, ɗan'uwa, a zauna lafiya. Duk duniya ita kaɗai ta san gwiwar hannun ɗanta.”

Shi Cordell dariya kawai yake yi. “Mama, ki bar wahalar da kanki. Mu dama ba a ganinmu.” Amma wata safiya ta shigo ba zato ta tarar da shi tsaye gaban firjin, da kofin madara a hannu, ya ƙura wa guntayen hotunan nan ido. Da ya ji motsinta sai ya yi kamar ƙwai yake nema. Ranar zuciyarta ta yi mata zafi. Saura masa kakar wasa ɗaya ya gama kwaleji ya tafi aikin gandun daji, kuma daga nan shi da hular kwano har abada.

Mai ɗaukar wa jaridar hoto wani dogon tsoho ne, Hoyt Bascom, siriri, kullum da tsinken sakace a baki. A rumfar mai dafaffiyar gyaɗa ta ritsa shi.

“Mista Hoyt, wai me ɗana ya yi maka?”

“Wane ɗan, Mis Verlene?”

“Ka gani ko! Lamba sittin da huɗu. Mutum kamar rumbu, amma kyamararka ba ta ganinsa?”

Hoyt ya juya tsinken daga wannan gefen baki zuwa wancan. “Kyamara ƙwallo take bi. Ɗanki kuwa bai taɓa riƙe ta ba.”

“To ni zan ɗauka da kaina.”

“Allah ya ba da sa'a,” in ji shi, ya karɓi gyaɗarsa ya wuce.

Bai san da wa yake yi ba. A bazarar nan ta ajiye aiki, da abokan aikinta direbobi suka tambaye ta kyautar da take so, ba ta ce agogo ba, ba ta ce kujerar lilo ba. Suka haɗu suka samo mata kyamara ta hannu, baƙa, mai dogon baki. Washegari da sassafe ta je ta buga wa Hoyt ƙofa, ta ce ya koya mata. Ya ce ba a ƙwallo da bazara. Ta ce ta sani. Ya ce shi ba malami ba ne. Ta ce wannan ma ta sani. Da ya ga ta fara neman wurin zama a barandarsa, sai ya ce ta same shi ranar Asabar da la'asar a filin tseren motoci na Sawyer, kuma ta sa takalmin da ba ta so.

Filin Sawyer da'ira ce ta jar laka a bayan gonar gyaɗa. Motocin tsofaffi ne, an cire musu gilasai an walda musu ƙarafa, masu tuƙa su kuwa makanikai ne da manoma da wani mai gyaran famfo. Ƙarar har cikin haƙora ake jin ta. Hoyt ya shigar da ita tsakiyar da'irar, inda masu hoto ke tsayawa, ya matso da bakinsa kunnenta.

“Kada ki kuskura ki juya wa hanya baya. Kuma ki zaɓi mota ɗaya. Mai son ya ɗauki duka, da iska yake komawa gida.”

Zaɓen bai yi mata wuya ba. Dikon Purvis, dattijon cocinsu mai sayar da taya, yana tuƙa wata rawaya mai lamba tara, launin bas ɗinta sak, kuma bai taɓa zuwa na ɗaya ba tun da aka san shi. Nan take ta ɗauke shi nata.

Hotunanta na farko sun fito tar, har kana iya karanta rubutun jikin taya. Ta kai gida tana taƙama. Lemuel ya sa tabarau ya duba, ya sake dubawa.

“Verlene, wannan tsere ne ko gareji? Ai duk a fake suke.”

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma ta ji haushi. Da ta kai ƙara wurin Hoyt sai ya nuna mata wani ɗan maɓallin murɗawa a saman kyamarar. Ya ce idon kyamara ƙiftawa yake yi. In ya ƙifta da sauri, komai sai ya daskare, har tayar da ke gudu. In aka rage masa sauri, komai sai ya shafe kamar an goga hannu a kan ɗanyen fenti, sai dai abu ɗaya, wato abin da ka bi da kyamarar daidai gudunsa.

“Ki kafa ƙafa. Kada ki juya da hannu, da ƙugu za ki juya. Ki bi motar kamar kin ɗaura mata igiya, ki danna, ki ci gaba da binta ko bayan kin danna.”

Kai, mutanen layinsu sun ga ta kansu a bazarar nan! Ta tsaya a ƙofar gida tana bin duk abin da ya motsa: motocin katako, mai kawo wasiƙu, karen maƙwabta. Lemuel ta sa shi ya riƙa kai da komo a kan injin yankan ciyawa har ciyawar ta ƙare ya koma yankan ƙasa. Hoyt ya ce ta riƙa buɗe ido biyu, ɗaya a cikin kyamara ɗaya a waje, wai wannan ne ke ba sabon shiga wuya. Ita ko a jikinta. Wadda ta shekara talatin ido ɗaya na kan hanya ɗaya na kan madubi, me za a koya mata a nan? Kafin gyaɗa ta nuna a gona, motocinta sun fara gudu a cikin hoto, taya na juyawa, shinge da 'yan kallo sun zama zane-zane a baya.

Matsalar ba ta hannu ba ce, ta baki ce.

Wata Asabar, a zagayen ƙarshe, rawayar Dikon Purvis ta kutsa ta ƙasan kwana ta sha gaban motoci biyu lokaci ɗaya. Abin da ba a taɓa gani ba. Verlene ta watsa hannuwa sama, ta yi tsalle, ta kurma ihun da ya danne ƙarar injuna. “Taka ta, Dikon! Taka ta!” Yatsanta kuwa na kan maɓalli yana ta aiki. Da aka gama ta duba 'yar tagar bayan kyamara. Ga gajimare, ga sandar fitila, ga takalminta na hagu.

Hoyt ya leƙo ta kafaɗarta. “Sama ta fito da kyau,” in ji shi.

Sannan ya cire tsinken daga baki, abin da ba ya yi sai maganar ta kai magana. Ya ce jarida tana da falmaran biyu na masu hoto, masu launin ruwan lemo, kuma sai da shi ake barin mutum ya durƙusa a bakin layin filin kwaleji. Ɗaya nasa ne, ɗayan yana rataye babu mai sawa. Wasan gida na ƙarshe yana cikin Nuwamba, wasan Cordell na ƙarshe ke nan a duniya, kuma yana iya ba ta falmaran ɗin ranar.

“Amma a bakin layi ba a ihu, Mis Verlene. Mai falmaran ba shi da ƙungiya, ba shi da ɗa. Kika yi abin da kika yi yau, za su tuɓe miki shi a gaban jama'a su raka ki waje, ni ma su hana ni wurina. Ko ba su kore ki ba, ga abin da za ki kai wa ɗanki.” Ya nuna hoton takalmin. “Ki kawo mini hoto ɗaya na lokacin da zuciyarki ta tashi, wanda bakinki na rufe. Sannan mu yi magana.”

Ta koma gida ranta a ɓace, ta zauna a mota a ƙofar gida ta yi kuka sosai. Tsoro ne ya kama ta, don ta san halinta. Hannu ana iya koya masa, amma ihun nan ya riga tunaninta fita. Lemuel ya fito ya buɗe ƙofar motar ya tsaya.

“'Yan mata, shekara arba'in ina roƙon Allah ya nuna mini ranar da za ki yi shiru. Ashe Hoyt Bascom zai aiko.”

Ta jefe shi da hularta, amma ta yi dariya.

Ta gwada cingam, ta haɗiye shi. Ta gwada cika baki da gyaɗa, ta fesa wa wani mai riƙe da tuta. Ta gwada riƙe numfashi har sai da jiri ya ɗebe ta. Dabarar da ta yi aiki da kanta ta zo. Wata rana iska ta kaɗo igiyar rataye kyamara ta shiga bakinta, ta cije ta don haushi, sai ta ga ashe wanda ya ciji igiya ba ya iya buɗe baki. A tseren ƙarshe na shekara Dikon Purvis ya sake kutsawa ta ƙasan kwana, wannan karon ƙofa da ƙofa da na gaba, laka na tashi. Ihun ya taso mata tun daga ciki, ya zo maƙogwaro, ya tarar da haƙora a datse. Ƙugunta ya juya. Dikon na biyu ya zo, amma a hoton ana ganin idanunsa ta cikin hular kwano, a zazzare, kamar wanda shi ma bai yarda ba. Hoyt ya daɗe yana kallo. Bai yabe ta ba, ya dai je motarsa ya ɗauko falmaran ɗin. Falmaran ɗin ya yi mata kaɗan, ya ƙi haɗuwa a gaba, ta sa shi a haka.

Ranar wasan gari ya waye da sanyi-sanyi da rana mai kyau. Tun hantsi hayaƙin gashin nama ya rufe filin ajiye motoci, ana soya tarwaɗa da kuɓewa, ana yanka burodin masara a bayan akori-kura. Verlene ko loma ɗaya ta kasa. Kamar yadda aka saba a wasan ƙarshe, 'yan shekarar ƙarshe suka fito ɗaya bayan ɗaya da iyayensu a gefe. Ta riƙe hannun Cordell, kanta ko kafaɗarsa bai kai ba. Ya sunkuyo.

“Mama, in bai yiwu ba, ba komai fa.”

“Kai dai je ka ture mutane. Ka bar mini nawa.”

Lemuel ya hau sama da ƙararrawar shi kaɗai. Ita ta zura falmaran, ta durƙusa a bayan layi kusa da Hoyt, ta sa igiya a baki.

Ashe daga ƙasa wasan wani abu ne daban. Ana jin karon huluna, ana jin nishi, ƙasa na girgiza in suka taho. Baƙin, 'yan Kwalejin Oakmere, ƙatti ne su ma, kuma da niyya suka zo. Gwiwoyinta suka fara ciwo tun ba a je ko'ina ba. Sau biyu Haddon na cin maki, sau biyu tana datse igiya har muƙamuƙinta ya yi tsami. A saman benci kuwa mutane sai tambayar Lemuel suke yi ko Mis Verlene ba ta da lafiya ne, don filin ya yi musu wani iri.

Da aka tafi hutun rabin lokaci ta buɗe 'yar tagar ta duba, sai gabanta ya faɗi. Babu hoto ko ɗaya. Duk shafe-shafe ne, ja da fari da kore sun cakuɗe. Hoyt ya karɓa ya dubi maɓallin saman.

“Haba, Mis Verlene! Ai a kan na tsere kika bar ta. Ban ce miki ƙwallo da saurin ƙiftawa ake ɗaukarta ba? Nan kowa gabansa yake gudu, ba da'ira ba ce.”

Ya faɗa mata, ba sau ɗaya ba. Ɗoki ne ya mantar da ita. Rabin wasan ɗanta na ƙarshe ya tafi a banza, kuma ba wanda za ta ɗora wa laifi. Ya murɗa mata maɓallin ya miƙo mata.

Da aka dawo, hotuna suka fara fitowa tar. Sai dai me? Tarin ƙatti ne a kan juna. Ga bayan Cordell, ga ƙafarsa, ga gwiwar hannun nan dai da ta sani. Irin na ƙofar firji sak. A nan ta gane Hoyt ba mugunta yake yi mata ba duk shekarun nan, haka aikin ɗan bango yake, a cikin turmutsutsu ake yinsa. Sanin bai rage mata komai ba. Lokaci na tafiya, Oakmere sun wuce gaba da maki huɗu, ita kuma gwiwar hannu take ta tarawa.

Da aka tsayar da wasa don wani ya ji ciwo, ta koma kan ɓatattun hotunan farko, don haushi kawai. A cikinsu ta ci karo da ɗaya. Komai a shafe yake, amma a tsakiya ga lamba sittin da huɗu ta kusa fitowa sosai. Ta tuna lokacin. Akwai wata dabara da koci ke yi in ana neman 'yar tazara kaɗan: maimakon Cordell ya tura gaba, sai ya zame daga cikin bango ya ruga ta gefe, mai ƙwallo na biye da shi, ya share masa hanya. A 'yan daƙiƙun nan kaɗai yake fita fili shi kaɗai, yana gudu a miƙe ta gabanta, yana shan kwana. Kamar rawayar Dikon Purvis.

Kuma ta san lokacin da zai yi. 'Yan kallo ƙwallo suke kallo, ita kuwa shekara huɗu ɗanta take kallo. In zai tura gaba, yakan danna hannunsa a ƙasa da dukkan nauyinsa. In zai ruga, 'yan yatsunsa ne kawai ke shafar ciyawa.

Wasa ya zo ƙarshe. Haddon sun turo har kusa da layin ƙarshe, wanda in mutum ya tsallake shi da ƙwallo a hannu maki shida ne, kuma dama ɗaya ta rage musu. Masu hoto duk suka kwasa a guje zuwa bayan layin, inda mai ƙwallo zai faɗo. Hoyt ya waiwayo yana yafito ta.

“Taso! Nan za a yi ta!”

Ta girgiza kai. Ta miƙe tsaye a gefe ita kaɗai, ta kafa ƙafafu, ta kai yatsa kan maɓallin da Hoyt ya gyara, ta murɗa shi ta mayar kan na tsere. Ta san abin da ta yi. In Cordell bai ruga ba, ko hannunta ya yi rawa, ko gwiwar hannun ma ba za ta samu ba. Ta cusa igiya a baki. Ƙattin suka durƙusa. Da idon da ke waje ta dubi hannunsa, ta ga yatsu na shafar ciyawa.

Aka saki ƙwallo. Sittin da huɗu ya zame daga bango ya taho. Ta kama shi a cikin gilashi ta bi shi kamar ta ɗaura masa igiya, ƙugu ya juya, yatsa ya danna, ya danna, ya danna. Wani ƙaton Oakmere ya taso masa, Cordell ya sa kafaɗa ya ɗauke shi daga ƙasa, suka zube tare. Filin ya fashe da ihu, badujala ta ɓarke, benci na rawa. Ita ba ta saki ba, ta ci gaba da binsa ko bayan ta danna, yadda aka koya mata. Ta ga ya tashi, ya miƙa wa wanda ya kayar hannu ya tashe shi, ya tsaya shi kaɗai yana haki, sauran duk sun ruga sun rufe mai ƙwallo.

Sai da ta sauke kyamarar ta dubi wani ma'aikacin fili mai riƙe da sarƙar auna tazara a gefenta, ta zare igiya daga baki.

“Bawan Allah, an ci ne?”

Ya dube ta kamar ta faɗo daga wata. “Baiwar Allah, ina kike? Mun ci wasa!”

Matar da ba ta taɓa bari maki ya wuce ta ba, yau ba ta ga cin da ya fi kowanne ba. Ta buɗe tagar. Na farko ya shafe. Na biyu ya shafe. Na uku ta tsaya.

Hoyt ya iso yana ɗingishi, ya karɓa. 'Yan kallo, 'yan wasa, rafali, har mai ƙwallon da ke biye, duk sun narke sun zama zane-zanen launi. A tsakiya ga mutum ɗaya raɗau, kafaɗa a sunkuye, ƙafa ɗaya a sama, ciyawa na tashi a bayansa, kuma ta cikin ƙarafan hula ga fuskar Cordell Tuggle, ido a buɗe, yana kallon inda za shi. Tsinken Hoyt ya faɗi ƙasa bai ɗauka ba.

“Ni na ɗauko yaro yana faɗuwa a kan layi,” in ji shi. “Irinsa ina da cikin kwali. Wannan ne zai hau shafin farko ranar Laraba, da sunansa cikakke a ƙasa.” Ya ɗago ya dube ta. “Da naki.”

Verlene ta tuɓe falmaran ɗin a hankali, ta ninke shi, ta ɗora masa a hannu ta bar shi riƙe da kyamarar. Ta taka ta tsallake layi ta shiga fili. A lokacin hayaniya ta lafa, 'yan badujala sun sauya zuwa taken kwaleji mai sanyi, kowa ya miƙe ya dafa ƙirji. A cikin wannan natsuwar ta cika huhu, ta saki ihun da ta tara tun bazara.

Mai busa ƙaho ya ɓata kiɗa. Tsuntsaye suka tashi daga kan allon maki. Can sama aka ji ƙararrawar shanu, da muryar Lemuel yana shaida wa jama'a, “Ga ta can! Na ce muku lafiyarta ƙalau!” Benci gaba ɗaya ya kwashe da dariya da tafi.

Cordell ya san muryar, ya taho a guje da hula a hannu, gumi da laka sun rufe shi. Ta karɓi kyamarar daga hannun Hoyt da ya biyo ta, ta ɗaga wa ɗanta, don yatsunsa a naɗe suke da filasta, ba za su iya da ƙananan maɓallai ba. Ya sunkuyo ya duba. Ya daɗe a sunkuye. Da ya yi magana, sai da ta matso kafin ta ji.

“Mama, ni ne wannan?”

“Kai ne mana.”

“Ina sauran suka tafi?”

Ta sa hannu ta goge masa lakar da ke kumatu, muƙamuƙinta na ciwo, hawaye na zuba ba ta damu da ta share ba.

“Suna nan,” in ji ta. “Ni dai tun ranar da ka fara wasa, haka nake ganin filin.”